Asibitin Usmaniyya, fadar da aka gina wa marasa lafiya

Duk wanda ya fito daga sabon gari a Haidarabad ta Indiya ya nufi tsohon gari, wajen hasumiyar Charminar da Masallacin Makka, da wuya bai bi ta gadar Nayapul ba. Kafin ya hau gadar, a hannunsa na dama, akwai wani dogon gini da ya miƙe a gaɓar kogin Musi, da ƙubbobi manya da ƙanana jere a kansa. Daga nesa kwarjininsa kawai kake gani. Sai ka matso ka ga baƙin da ruwan sama ya zana a bango, ka ga tsiron da ya kama a tsagar rufi, ka ga tagogin da aka rufe ba a sake buɗewa ba. Wannan shi ne tsohon ginin Babban Asibitin Usmaniyya, a unguwar Afzalganj. Tun watan Yulin 2020 babu majinyaci ko ɗaya a cikinsa. Asibitin kansa bai tsaya ba, yana aiki dare da rana a sauran gine-ginen harabar, amma uwar ginin an kwashe ta an garƙame.

Ni ma'aikacin jinya ne. Na yi aiki a gida kafin ƙarin karatu ya kawo ni garin nan, kuma ina zaune a Tolichowki inda 'yan Afirka suka fi yawa, Somaliyawa da mutanen Sudan da mu 'yan Najeriya. Idan wani ya zo neman magani daga gida nakan yi masa rakiya da tafinta, kamar yadda ɗalibanmu da yawa suke yi. Waɗannan baƙin asibitocin kuɗi suke zuwa, na Banjara Hills da Jubilee Hills masu gilashi da sanyin na'ura, har su koma gida ba su ji sunan Usmaniyya ba. Ba shi ya kawo su ba. Ni kuwa shi ne asibitin da ya fi shiga raina a birnin nan, kuma jayayyar da ake yi a kansa, a rushe tsohon ginin ko a bar shi, ta daɗe tana cina.

Wata Juma'a na ɗauko wani ƙanin mahaifiyata da aka yi wa aikin gwiwa, ya samu sauƙi yana son ya yi salla a Masallacin Makka. Muna cikin adaidaita sahu, cunkoso ya tsayar da mu a Afzalganj, sai ya nuna ginin da sandarsa.

"Kai ɗan nan, wannan gidan sarkinsu ne?"

Na ce, "A'a Kawu, asibiti ne, na gwamnati."

"Na manyansu ke nan."

"Na talakawa ne, Kawu. Ganin likita ma kyauta ne."

Ya daɗe yana kallo, har muka motsa yana waiwaye. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ya gina shi." Tambayar Kawu ba ta jahilci ba ce. Idonmu ya saba da cewa ƙubba da dogon zaure na sarki ne ko na masallaci, asibitin talaka kuwa kwano ne da bulo da benci. A nan aka zaɓi wuri mafi kyau a bakin kogi, daura da Babbar Kotu da ke ɗaya gaɓar, aka yi wa marasa lafiya gini mai daraja ɗaya da na alƙalai.

Bala'i ne ya haifi ginin. Tun 1866 akwai asibiti a wurin, Asibitin Afzalganj, wanda aka kafa a zamanin waziri Salar Jang na ɗaya. A ƙarshen Satumbar 1908 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tafkunan da ke saman kogin suka cika suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, ranar 28 ga wata Musi ya faɗa wa gari. Kimanin mutum 15,000 suka mutu. Gadojin da aka gina a ƙarni na 19 duk ruwa ya karya su, tsohuwar gadar Purana Pul ta 1578 ce ta tsaya. Unguwannin bakin kogi suka share kamar ba a taɓa zama a cikinsu ba, asibitin ma ruwan bai bar shi ba. Wanda ya ga Musi a yau, ɗan siririn baƙin ruwa mai wari da ke ratsa ciyawa a tsakiyar faffaɗan kwari, zai yi wuya ya yarda. Faɗin kwarin da tsayin katangun dutsen da aka yi masa daga baya su ne shaida.

A harabar asibitin akwai wata tsohuwar tsamiya. Ranar ambaliyar mutum wajen 150 suka haye ta suka riƙe rassanta har ruwa ya janye, suka tsira. Ana cewa mawaƙin Urdu Amjad Haidarabadi yana cikinsu, shi da ya rasa mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsa a ruwan nan. Tsamiyar tana nan da ranta, an sa mata allo da ke ba da labarin, kuma duk ranar 28 ga Satumba masu kishin birnin sukan taru a gindinta su tuna da mamatan. Mu da muka taso ana hana mu zama a gindin tsamiya da tsakar rana ko da almuru, wai matattarar iskoki ce, sai ga garin da ke girmama tsamiya saboda ta ceci rayuka. Na zauna a inuwarta. Irin tamu ce sak, ganyenta da ɓawonta da 'ya'yanta, wadda ake kunu da ita a gidan kowa da azumi. Mutum 150 a kan bishiya ɗaya, cikin dare da ruwa, kowa yana jin kukan na ƙasa da ba zai iya miƙa wa hannu ba. Ban taɓa zuwa wurin na tafi ban yi wa waɗanda suka rasu addu'a ba.

Sarkin lokacin, Mahbub Ali Khan, na shida a jerin sarakunan Haidarabad masu laƙabin Nizam, ya buɗe ƙofofin fadarsa ga waɗanda suka rasa gidaje, aka kafa wuraren dafa abinci ana rabawa. Aka gayyato injiniya Visvesvaraya ya duba yadda za a yi kada a maimaita. Shawararsa ce ta haifar da manyan madatsun ruwa biyu a saman gari, Usman Sagar da aka gama a 1920 da Himayat Sagar a 1927. Mahbub Ali Khan ya rasu a 1911, ɗansa Mir Usman Ali Khan ya gaje shi, a 1912 aka kafa hukumar gyaran birni, aka shiga sake fasalin gaɓar kogin gaba ɗaya. Wani Bature ɗan Ingila mai zanen gine-gine, Vincent Esch, shi ya zana tashar jirgin ƙasa ta Kachiguda da Babbar Kotu da Kwalejin Birni da wannan asibitin, duk da salo ɗaya, wanda ya auri ƙubba da bakan ginin Musulmin Indiya da dabarun ginin Turawa. Asibitin ya ci sunan sarkin da ya sa aka gina shi. Ginin ya kai shekara 100 yanzu.

Ba na cikin masu mayar da Usman Ali Khan waliyyi. A 1937 mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a duniya, alhali a ƙauyukan ƙasarsa manoma suna yi wa masu gonaki aikin tilas, abin da ya kai ga tawayen manoman Telangana a 1946. Dukiyar da ta yi ƙubbobin nan gumin waɗannan mutane ce. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake ganin ginin haƙƙin talakawa ne tun daga tushe. Ba kyauta aka yi musu ba, nasu ne aka dawo musu da kaɗan daga ciki, kuma jikokinsu ne har gobe suke sauka a tashar bas ta Afzalganj da takardar likitan ƙauye a hannu.

Akwai wani babi na tarihin wurin da ya shafi sana'ata kai tsaye, kuma ya girmi ginin. A ƙarshen ƙarni na 19 kulorofom ne babban maganin sa barcin tiyata, kuma lokaci zuwa lokaci mutum yakan mutu a kan tebur ana cikin shaƙa masa. Likitocin birnin Edinbara na Scotland suka ce numfashi ne ke fara tsayawa, don haka mai ba da maganin ya zuba wa ƙirji ido. Na Landan suka ce zuciya ce, a riƙe bugun jini. Shugaban makarantar likitanci ta Haidarabad, Edward Lawrie, ɗalibin Edinbara ne, ya shawo kan Nizam ya ɗauki nauyin bincike. Aka yi zama biyu a Asibitin Afzalganj, 1888 da 1889, ana gwaji a kan dabbobi masu yawa. A na biyun mujallar likitoci ta Lancet ta turo Thomas Lauder Brunton daga Landan, Nizam ya biya fam 1,000 na tafiyarsa. Kwamitin ya goyi bayan Edinbara. Daga baya, a 1911, Goodman Levy ya nuna cewa kulorofom yana iya hargitsa bugun zuciya farat ɗaya ko da ba a ba da shi da yawa ba, wato hukuncin Haidarabad bai cika daidai ba. Duk da haka, tambayar da ta dami ɗakunan tiyata na duniya a bakin kogin nan aka zauna aka yi mata gwaji na tsari, kuma cikin waɗanda suka yi aikin akwai wata mace, Rupa Bai Furdoonji, wadda da yawa suke ɗauka ita ce mace ta farko da ta riƙi sa barcin tiyata a matsayin sana'a. Duk lokacin da na tsaya a gefen mai ba da maganin barci ina kallon allon da ke nuna numfashi da bugun zuciya a tare, nakan tuna cewa an taɓa yin zamanin da sai dai a zaɓi ɗaya a sa wa ido.

Na shiga tsohon ginin kafin a rufe shi, dubiyar wani mai shayi na layinmu da mota ta karya wa ƙafa, aka yi masa aiki bai biya ko rupi ɗaya na tiyata ba. Abin da ma'aikacin jinya zai fara lura da shi shi ne iska. Rufin yana can sama, tagogi suna fuskantar juna, baranda ta kewaye ɗakunan ta hana rana bugun bango kai tsaye. Bangon dutse ne mai kauri, ga farar ƙasa a maimakon siminti. A watan Mayu, lokacin da zafin Haidarabad ke haura digiri 40, kana shiga za ka ji jikinka ya sauka. Ɗakunan kwanciya dogaye ne, gadaje jere hagu da dama, yadda nas ɗaya daga teburinta za ta hango kowa. An zana shi ne a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, lokacin da haske da iska da tazara su ne rigakafin da ake da shi. Korona ta zo ta tuna wa duniya cewa wannan tsohuwar hikima ba ta mutu ba.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitoci da nas-nas da suka yi shekaru a cikinsa ba labarin iska suke bayarwa ba. Labarin ɓaraguzan silin suke yi, da ke faɗowa kusa da gadon majinyaci, da bangon da ke jiƙe duk damina, da banɗakunan da ke tsiyaya zuwa hawan ƙasa. A 2018 ƙananan likitocin asibitin suka fito aiki sanye da hular kwano don gwamnati ta ga halin da suke ciki. A tsakiyar Yulin 2020, ana tsaka da korona, aka yi ruwa mai ƙarfi, magudanar da ke ƙarƙashin harabar ta toshe, ruwa ya malalo cikin ɗakunan ƙasa. Duk wanda ke garin ya ga bidiyon a waya: marasa lafiya sun naɗe ƙafafu a kan gadaje, ruwan kwata yana gudana a ƙarƙashinsu, ma'aikata suna tura shi da tsintsiya da katako. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba da umarnin kwashe kowa.

Kwashewar daidai ce, ba ni da ja a kai. Wanda ya taɓa yi wa mai ciwon suga wankin gyambo ya san abin da ruwan kwata a ɗakin jinya yake nufi. Kuma asibitin zamani yana buƙatar abubuwan da Esch bai san da su ba: bututun iskar oksijin a kan kowane gado, ɗakin tiyata mai tace iska, na'urorin hoto masu nauyin tan-tan, lif da zai ɗauki gado da mutum huɗu, hanyar fita idan gobara ta tashi. Asibitin da aka ƙayyade wa gado 1,168 ya rasa babban gininsa rana ɗaya, aka cusa majinyata a sauran gine-ginen da dama can a cike suke. Idan likitan da ke aiki cikin wannan matsi ya ce a rushe tsohon a yi sabo, ba ƙin tarihi yake yi ba, majinyacinsa yake kallo. Nakan ji zafi idan na ga masu kare kayan tarihi suna magana kamar likitocin nan ba su san darajar ginin ba. Su suka kwana a cikinsa.

Inda na rabu da masu cewa a rushe shi ne wajen dalilin lalacewar. Cewa ake yi ginin ya tsufa, kamar tsufa ne ya kashe shi. Babbar Kotu sa'arsa ce, mai zane ɗaya, kogi ɗaya, damina ɗaya, ga ta can ana shari'a a cikinta kullum. A Yulin 2015 babban ministan jihar Telangana (Haidarabad ce babban birninta) na lokacin, Chandrashekar Rao, ya ziyarci asibitin ya ce za a rushe shi a gina dogayen benaye. Ƙungiyar INTACH mai kula da kayan tarihin Indiya ta kai injiniyoyi suka duba, suka ce ƙashin ginin lafiya lau yake, abin da ke cin sa ruwa ne: bututun da ke yoyo, hanyoyin ruwan rufi da suka toshe, itatuwan da aka bari suka yi saiwa a bango. Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san wannan ciwon. Soro yana shekara ɗari idan ana masa yaɓe kafin damina ana share indararo. Ranar da aka gaji aka shafe shi da siminti don a huta, ruwa ya samu tsaga ya shiga ya rasa hanyar fita, sai bangon ya ruɓe daga ciki yana sheƙi daga waje. Ginin farar ƙasa haka yake, numfashi yake yi, faci da siminti shaƙe shi yake yi. Shekara da shekaru ana ɗora wa rufi sabon daɓe a kan tsoho, ana fasa bango a cusa bututu a toshe da abin da ya samu. Ba wanda ya yi niyyar kashe ginin. Kuɗin gyara ne kullum ake cewa sai baɗi.

Kuma ba gwanaye aka rasa ba. A garin nan aka gyara fadar Chowmahalla har ta samu lambar yabo ta UNESCO a 2010. A shekarar ce fadar Falaknuma ta buɗe a matsayin otal na alfarma bayan dogon gyara. Gidauniyar Aga Khan ta yi shekaru tun 2013 tana farfaɗo da hubbarorin sarakunan Ƙutub Shahi da ke kusa da unguwarmu, da farar ƙasa da magina na gargajiya, na sha tsayawa ina kallon su suna kwaɓi. Tsohon gidan Razdan na Ingila da ke Koti ma an gyara shi. Ina murna da duk waɗannan. Abin da ke sosa mini rai shi ne an samu kuɗi da haƙuri don gidajen sarakuna da kaburburansu, amma gini ɗaya da aka yi domin mai karyayyar ƙafa da mai naƙuda da wanda maciji ya sara, shi aka bari har ya zama abin tsoro, sannan aka ce wa talaka ya zaɓa, ko tarihi ko lafiyarsa. Wannan zaɓin ba Allah ne ya ɗora shi ba, sakaci ne ya ƙirƙire shi.

Tsoron masu kare ginin ma yana da tushe. A watan da aka kwashe Usmaniyya, a watan ne aka rushe tsohuwar sakatariyar jihar, har da wani ɓangare da ya samo asali tun zamanin Nizam. Shekara guda kafin nan sai da Babbar Kotu ta hana rushe fadar Errum Manzil. Maganar Usmaniyya ita ma ta daɗe a gaban kotun, alƙalai suna hango ginin ta tagarsu. A 2022 kwamitin injiniyoyin da aka naɗa ya ce ginin bai dace da aikin asibiti ba yadda yake, amma ana iya gyara shi a yi wani amfanin da shi. A Yulin 2023 gwamnati ta shaida wa kotu cewa rushewa za ta yi. A ƙarshen shekarar aka yi zaɓe gwamnati ta sauya, sabon babban minista Revanth Reddy ya ɗauki wata hanya: a bar tsohon ginin, a gina sabon asibiti a filin 'yan sanda na Goshamahal, nan kusa. Ranar 31 ga Janairun 2025 aka aza harsashi. Gado 2,000 aka ce, a fili mai eka 26, da kuɗi wajen rupi biliyan 27. Wasu mazauna Goshamahal sun koka kan rasa filin da yaransu ke wasa da kuma cunkoson da zai ƙaru, kuma kukansu abin saurare ne. Duk da haka ina ganin wannan ce mafita mafi adalci da aka kawo tun da aka fara rigimar. Da an yi ta tun 2015, da an huta da shekara goma na jayayya da wahalar majinyata.

Yanzu da alama ginin ya tsira daga katafila. Bai tsira daga zaman banza ba, kuma gini a kulle ya fi saurin mutuwa a kan gini mai mutane, domin babu mai ganin yoyo ranar da ya fara. Haidarabad tana da misali a cikin gidanta. A 1595 Muhammad Ƙuli Ƙutub Shah, wanda ya gina Charminar, ya gina asibiti mai suna Darul Shifa a ɗaya gefen kogin, inda likitocin gargajiya suke duba marasa lafiya suna koyar da ɗalibai. Unguwar har yau sunan take amsawa. Ginin ma yana nan, ana amfani da farfajiyarsa wajen ibada, amma ɗakunan da suka kewaye ta sun sha wuya, kuma mutane da yawa da ke wucewa ta ƙofarsa ba su san an taɓa jinya a ciki ba. Asibiti idan ya daina ganin marasa lafiya, a hankali gari yake mantawa da dalilin da ya sa ake kula da shi.

Maganar da ta fi yawo ita ce a mayar da tsohon Usmaniyya gidan tarihi. Ba na ƙin a ware zaure ɗaya ko biyu don labarin ambaliya da na kulorofom da na makarantar likitancin da ta faro tun 1846, ɗalibai suna buƙatar ganin wannan. Amma gidan tarihi na Salar Jang yana tsallaken kogi, ba shi da nisa, kuma gari bai rasa wurin kai baƙi yawon buɗe ido ba. Idan aka zuba akwatunan gilashi a dogayen ɗakunan nan aka sa mai yankar tikiti a ƙofa, an ceci duwatsun, mutanen da aka gina wa kuwa an sallame su.

Akwai wasu mutane da ban taɓa ganin an sa su cikin zanen asibiti ba, a gida ko a nan: masu jinya. Duk majinyacin da ya kwanta a asibitin gwamnati yana da mutum ɗaya ko biyu a bayansa, uwa ko mata ko ƙane, wanda ya bar gona ko shago ya biyo shi. Shi ke karɓo sakamakon gwaji, shi ke neman mai ba da jini, shi ke juya marar lafiya da dare, shi ke wanke masa kaya. Mu ma'aikatan jinya mun san cewa ba don su ba da aikinmu bai yiwu ba. A ƙasar nan, kamar a tamu, za ka gan su a bakin manyan asibitoci da ƙullin kaya a matsayin matashi, sun shimfiɗa kwali ko zani a inda suka samu inuwa, suna bin layin abincin rupi 5 da hukumar birni ke sayarwa ko na masu sadaka da ke zuwa da tukwane a bayan mota. Wata tsohuwa da na taɓa zama kusa da ita a gindin tsamiyar, daga wani ƙauye mai nisa ta zo da ɗanta. Ba na jin Telugu, ita ba ta jin Urdun da nake ɗan taɓawa, amma ta nuna mini takardunsa a leda, na duba na gane aikin ciki aka yi masa, na yi mata alama da hannu cewa sakamakon yana da kyau. Ta kama hannuna da hannu biyu. Ƙafafunta sun kumbura saboda kwanan zaune.

Injiniyoyi sun ce ginin ba zai ɗauki tiyata da na'urori ba amma zai ɗauki wani aikin. To ga aiki. A gyara shi da farar ƙasa yadda aka gyara hubbarori, a mayar da dogayen ɗakunan nan masaukin masu jinya, ɓangaren mata daban na maza daban, da banɗakuna a sabon gini a bayansa don kada ruwa ya sake cin bango, da wurin wanki da shanya, da madafa, da akwatin da mutum zai kulle kayansa ya tafi wajen majinyacinsa hankali kwance. Goshamahal tafiyar ƙafa ce, ƙaramar bas mai kai da kawowa ta isa ga tsofaffi. Asibitin haihuwa na gwamnati da ke Petlaburj yana tsallaken kogi, masu jinyarsa ma za su amfana. Hawan sama a ba makarantar koyon jinya ta yi azuzuwa, ɗalibai su riƙa sauka suna koya wa masu jinya wanke hannu da juya majinyaci da kula da ciwo bayan an sallame su, abin da ke hana mutum dawowa asibiti bayan mako biyu da gyambon kwanciya. Ɗaki mai dogon rufi da tagogi masu fuskantar juna, wanda ba ya buƙatar na'urar sanyi, shi ne ainihin abin da mutum ɗari masu kwana wuri ɗaya suke buƙata.

Na san masauki ba ya kawo kuɗin tikiti, kuma kula da shi ya fi kula da gidan tarihi wahala. Sai an sa masu shara da masu gadi, sai an yi rajista da katin majinyaci don kada ya zama gidan haya, sai an ware kuɗin gyaran rufi duk shekara kafin ruwan Yuni ya sauka. Birnin da zai iya kashe biliyan 27 a sabon asibiti zai iya wannan. Na rubuta shawarar a takarda da Turanci na ba wani malaminmu da ke zama a taron masu kishin birnin, ya ce zai karanta musu ita a haɗuwarsu ta gaba, ya kuma ce in zo da kaina in yi bayani a matsayin wanda ya yi aikin jinya a ƙasa biyu. Na amsa masa zan zo, kuma ina tattara abin da zan faɗa daga bakin masu jinyar da kansu, ta hannun wani abokin karatuna da ke jin Telugu.